Batirin da Aka Yi wa Jego

A layinmu na Barnawa, duk wanda zai yi tafiya mai nisa sai ya biya ta ɗakin mahaifiyata kafin ya nufi tasha. Umma ba ta da shago, ba ta riƙe da wani muƙami, amma tun kafin a haife ni ita ce ma'ajin unguwa. Idan watan Disamba ya kama, maƙwabtanmu Kiristoci suka fara ɗaure kaya domin zuwa gida Kirsimeti, wasu Filato, wasu Binuwai, wasu can gabas, sai ka ji ana ta sallama a ƙofarmu: wannan da makullan gida, waccan da takardun fili a cikin ambulan, wata da kan keken ɗinki a rungume. Idan lokacin aikin Hajji ya zo, maniyyata su kawo nasu. Kowane abu da irin riƙon da take yi masa. Atamfa da kafur, takarda a cikin leda a tsakanin zannuwa, zinari a ƙulle cikin ƙyalle a can ƙasan adaka. Ba ta rubuta komai, kuma ba ta taɓa miƙa wa wani abin wani ba. A watan Janairu gidanmu kan cika da doya da dankalin turawa da manja, tsarabar masu dawowa.

Umma mace ce mai kawaici. Ba ta yabon girkinta, ba ta yabon 'ya'yanta a gaban mutane. Abu ɗaya tak na taɓa jin ta faɗa game da kanta, shi ma a hankali, tana kallon ƙasa: "Alhamdu lillahi, ajiya ba ta taɓa lalacewa a hannuna ba."

Saboda haka da takardar bautar ƙasa ta fito, aka tura ni wani ƙauye na bakin ruwa a kudu, inda aka ce sai an shiga kwalekwale kuma babu wutar lantarki, ban nemi shawarar kowa ba game da inda zan bar kwamfutata. Ta tafi-da-gidanka ce, ta hannu, yayata ce ta saya mini ina aji uku a jami'a, kuma a kanta na rubuta kundin digirina a fannin harshen Hausa. Batirinta kan yi awa huɗu cur ba a jona ta da wuta ba, abin da ya ba ni farin jini a ɗakin kwanan ɗalibai duk ranar da aka ɗauke wuta.

Ana gobe zan tafi, bayan sallar la'asar, na kai mata ita tare da cajarta. Ta karɓa da hannu biyu, ta jinjina nauyinta, ta yi tambayar da ban taɓa jin ta yi wa wata ajiya ba.

"Auta, me take ci?"

"Wuta, Umma. Idan aka bar batir babu caji tsawon lokaci, mutuwa yake yi."

Iyakar abin da na sani ke nan, kuma iyakar abin da na faɗa ke nan.

Baba yana kishingiɗe a kujerarsa a bakin baranda, sai ya rage sautin rediyo. Mahaifina ya shekara ashirin da wani abu yana shugabantar masu gadi a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri kafin a rufe ta, kuma abin da ya fi tunawa daga wancan zamani shi ne oba-oba, rediyon hannun da suke magana da juna da shi daga wannan ƙofa zuwa waccan. Shi ne mai kula da batiransu.

"Ku dakata," in ji shi. "Batir ba a shagwaɓa shi. Injiniyan kamfani da bakinsa ya koya mana: ka bar shi ya yi aiki har ya mutu murus, sannan ka cika shi. In ka riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan, sai ya manta iyakar cikinsa, ya sangarce."

"Malam, a gidan nan me ake yi idan an kawo wuta?" Umma ta tambaya ba tare da ta ɗago ba.

Amsar doka ce da kowa ya sani. A gidanmu, da zarar yaran layi sun yi ihun an kawo wuta, kowa ya bar abin da yake yi. A kunna injin rijiya a cika durom, a jona wayoyi, a jona fitilu, a jona fankar caji, a dasa guga. Ba wanda ya san ko awa ɗaya za ta yi ko wuni, saboda haka duk abin da ke da ciki sai an cika shi, kuma ba a cire shi sai masu wuta sun ɗauke abarsu. Wanda ya bar fitilarsa rabi alhali wuta ta zo ta tafi, ba a tausaya masa idan duhu ya yi. A wannan tarbiyya muka tashi.

Sun yi muhawara har aka kira magariba, daga bisani aka yi sulhu a gabana. Umma za ta riƙa jona kwamfutar duk lokacin da aka kawo wuta. Baba kuma yana da Juma'ar ƙarshen kowane wata: zai buɗe ta, ya kunna, ya bar ta har ta mutu da kanta, domin, a cewarsa, ta motsa jini. Na ga kowa ya sami rabonsa, na yi murna, na tafi.

A ƙauyen da na yi hidima, waya ba ta kamawa sai a bayan filin makarantar firamare, kusa da wata bishiyar kwakwa. Can nake zuwa kowace Lahadi in kira gida. Bayan gaisuwa da tambayar ko ina cin abinci, Umma takan ba ni rahoto.

"Ajiyarka tana gaishe ka. Fitilarta fara tas, ba ta taɓa kwana da yunwa ba, in ban da ranar babanka."

Wata Lahadi ta gaya mini cewa ta ga ƙura na sauka a kanta, saboda haka ta naɗe ta a cikin sabon bargon da aka kawo mata tsaraba daga Makka, ta ɗora ta a kan adaka, wayar caji kawai ke leƙowa. Na ce Allah ya saka da alheri. Na san ɗakin Umma sarai: tagarsa na kallon yamma, rufinsa kwano ne, silin ɗinsa gajere, kuma a tsakiyar bazara kyandir kan lanƙwashe a cikinsa ba a kunna shi ba. Duk da haka ban ga wani abin damuwa ba. Daɗi ma na ji, har na ba abokan hidimata labari.

Ranar da na dawo an yi mini dambun shinkafa. Maƙwabta suka shigo yi mini barka, cikinsu har da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato da muke katanga ɗaya da ita, wadda duk layi ke kira Mama Nas. A gabansu Umma ta shiga ɗaki ta fito da bargon, ta warware shi a kan tabarma. Kwamfutar tana sheƙi, ko ɗigon ƙura babu. Na kunna ta, ta nuna ɗari bisa ɗari. Mata suka yi ta sa albarka.

"Shekara guda!" in ji Mama Nas. "Ko banki ba zai yi wannan ba. Hajiya, ki shirya, 'yata ma sunanta ya fito a bautar ƙasa. Kawunta ya saya mata sabuwa dal, kuma ba zan bari ta tafi da ita sansani ba. Yadda kika riƙe ta Auta, haka za ki riƙe mana."

Umma ta ce Allah ya kai mu.

Washegari da hantsi babu wuta, na zauna in gyara takardar neman aiki. Ban kai ƙarshen shafi na farko ba allon ya yi baƙi. Na ɗauka kuskure ne. Da wuta ta dawo na cika ta, na cire waya, na duba agogo: minti goma sha bakwai ta yi. Sai a lokacin na lura cewa ba ta zama daidai a kan tebur, tana ɗan rawa kamar kwano mai lanƙwasasshen gindi, kuma wurin da ake goga yatsa ya ɗan taso.

Ban gaya wa kowa ba. Na saka ta a jaka na hau keke napep zuwa Kakuri, wurin wani mai gyara da abokina ya kwatanta mini. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai sayar da kayan janareta da mai abinci. Ɗan ƙabilar Ibo ne, haifaffen Kakuri, kowa na kiransa Oga, kuma Hausarsa ba ta da inda za a gyara mata. Ya kwance sukurorin ƙasa, murfin ya ɗago da kansa. Batirin ya kumbura kamar fanke.

"Amma ɗari bisa ɗari take nunawa," na ce.

"Mai digiri, kofin shayi ma idan ya cika ɗari bisa ɗari ne. Durom ma haka. Da durom kake da shi, yanzu kofi."

Na roƙe shi ya yi mini bayanin yadda durom ke komawa kofi. Ya ajiye sukundireba, ya ɗauko murafen kwalba biyu ya jera su a kan teburinsa.

"Wannan Sabon Tasha, wannan Kasuwa. A cikin batir tasha biyu ce haka. Akwai fasinjoji 'yan mitsi-mitsi, ido ba ya ganinsu, litiyam ake ce musu. Ka sa caji, duk su kwashe su tafi waccan tasha. Ka fara aiki, su riƙa dawowa. Dawowar tasu ita ce wutar da kake amfani da ita. To, kowace tafiya sai wasu sun maƙale a bakin tasha, su kafa rumfa, ba su ƙara shiga mota har abada. Fasinja na raguwa, rumfuna na cin hanya. Ko ba ka taɓa kwamfutar ba ana kafa rumfar nan, sannu-sannu. Wannan shi ne tsufa, ba ni da maganinsa, wanda ya ƙera ta ma ba shi da shi."

"Shekara guda kawai na bar ta."

"Shi ya sa na ce ba tsufa kaɗai ba ne. Abu biyu ke sa a yi rububin kafa rumfa. Na farko zafi. Na biyu, a tara fasinja duka a tasha ɗaya, a cika ta maƙil, a hana kowa motsi wata da watanni. Cunkoso ga zafi, ai ka san abin da ke biyo baya a tasha. Rigimar da suke yi a ciki ce ke fitar da iska, iskar ta rasa hanyar fita, ta kumbura shi haka." Ya dube ni ta saman tabarau. "Wa ka bar wa ita? Wannan ba sakaci ba ne. Mai sakaci mantawa yake yi. Wannan kullum a kan wuta take, kuma a lulluɓe."

Na ce wani ɗan'uwa ne. Ya ce zai nemo mini sabon batir, in dawo bayan kwana huɗu, tsohon kuma in bar shi a wurinsa, kada in kai shi gida.

Da na dawo, Umma tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ga jakar babu nauyi.

"Ina ajiyarka?"

"Na kai ta wurin mai gyara. Batirin ne ya yi rauni."

Hannunta ya tsaya a kan rariya. "Me ya same shi?"

"Ya ce tsufa ne, Umma. Duk batir haka yake yi."

"To, Alhamdu lillahi," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗe. "Tsufa ai ba laifin kowa ba ne."

Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da na yi. Na yanki gaskiya na ba ta ɓangaren da ba shi da ƙashi. A kwanakin da suka biyo baya na karanta duk abin da na iya samu a wayata game da irin wannan batir, ina fatan in sami inda Oga ya yi kuskure. Ban samu ba. Abin da ya faɗa da murafen kwalba shi ne abin da masana suka faɗa da dogayen kalmomi: batirin litiyam yana raguwa da yawan amfani, yana raguwa da wucewar lokaci, kuma ya fi saurin raguwa idan ya daɗe a cike a wuri mai zafi. Da abin ya tsaya a kan kwamfutata, da na haɗiye maganar har abada, domin batir ana sayensa a kasuwa, kalmar da Umma ke faɗa tana kallon ƙasa kuwa ba a sayar da ita. Amma saura kwana biyar 'yar Mama Nas ta tafi, kuma na ga Umma ta wanke bargon ta shanya shi a igiya. Idan na yi shiru, za ta yi wa sabuwar kwamfutar mutane abin da ta yi wa tawa, kuma a wannan karo ba ɗanta ne zai gano ba.

Na shirya jawabi. Na tsara masa gabatarwa, na zaɓi karin magana uku, na yi bitarsa a ɗaki sau biyu. Ranar Laraba bayan la'asar na same ta a kan tabarma tana tsince wake, Baba yana kujerarsa. Na durƙusa, na gyara murya.

"Umma, masu iya magana sun ce, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sun kuma ce..."

"Auta, wa ya rasu?"

"Babu kowa."

"To sallami masu iya maganar nan su tafi gida, ka faɗi taka."

Na faɗa, a tsaitsaye, ba yadda na tsara ba. Na ce cikawar kullum da bargon da zafin ɗaki su ne suka gaggauta mutuwar batirin. Na ƙara da cewa laifina ne da ban sani ba. Ta ture farantin waken gefe, ta kakkaɓe zaninta.

"Ai na faɗa!" in ji Baba, har da tafi. "Na faɗa a nan wurin! Batir ba a shagwaɓa shi!"

"Ɗauko mini mayafina," in ji Umma. "Maganar ajiya ba a jin ta a bakin ɗan aike. Mu je in ji daga mai ita."

Baba ya riga mu saka hula. A cikin keken, daga Barnawa har Kakuri, ya yi wa direba darasi a kan batiran oba-oba, direban yana cewa "Gaskiya ne, Baba" a kowane rami. Umma tana kallon hanya.

Oga na ganinmu ya miƙe, ya share benci da tsumma, ya gaishe su a ladabce. Ya dube ni, ya dubi Umma, na ga ya gane ko wane ne ɗan'uwan da na ce. Baba bai bari an gama gaisuwa ba.

"Ɗana, ka raba mu. Ni na ce a riƙa barin ta ta mutu murus kafin a cika. Da an bi tawa kullum, ba sau ɗaya a wata ba, da ba haka ba?"

"Sau ɗaya a wata ake ƙarar da ita har ta mutu?" Oga ya dafa kai. "Baba, a ina ka koyi wannan?"

"A masaƙa. Oba-oba goma sha biyu ne a hannuna."

"Mahaifina ma a masaƙa ya yi aiki, sashen rini. Baba, a zamaninka gaskiyarka ce, batiran oba-oba haka suke so. Amma wannan ba danginsu ba ne. Shi idan ka tatse shi har ƙasa, rauni kake yi masa. Wato Mama tana shaƙe shi da abinci kwana ashirin da tara, kai kuma ran na talatin ka sa shi gudu har ya faɗi."

Mai kayan janareta, wanda ya leƙo yana sauraro, ya tuntsire da dariya. Baba ya gyara hula ya ce zamani ne ya lalace, har batir ya zama ɗan gata. Umma ba ta yi dariya ba. Ta nemi a nuna mata batirin. Oga ya ɗauko shi daga cikin wani bokitin yashi da ke bakin ƙofa, ya riƙe shi nesa kaɗan. Ta daɗe tana kallon kumburin.

"Me ya sa ka sa shi a yashi?"

Oga ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

"Mama, idan ya kai haka, yana iya kamawa da wuta."

"A cikin bargo."

"Allah ya kiyaye, Mama."

"A kan adaka," in ji ta, ba da shi take ba. Na san abin da take lissafawa: takardun filin mutane, shaidar makarantar 'ya'yan mutane, duk suna ƙarƙashin wannan bargo wata da watanni. Na yi nadamar kawo ta. Can sai ta ja numfashi ta gyara zama, ta fuskanci Oga kamar ɗaliba.

"To, ɗana, koya mini. Yaya ake ajiye shi?"

"Rabin ciki, Mama. Kada ya ƙoshi, kada ya ji yunwa. A kashe ta, a cire waya gaba ɗaya. A sa ta wuri mai sanyi, inda iska ke ratsawa, ban da lulluɓi, ban da laima. Bayan wata biyu ko uku a buɗe a duba. In ya sauka, a ɗan ƙara masa zuwa rabi, a mayar."

"In na yi haka ba zai ragu ba?"

"Zai ragu, amma kaɗan. Wannan kam ba makawa."

Sai na ga gefen bakin Umma ya motsa.

"Ashe goro ne," in ji ta. "Mahaifina fataucin goro ya yi, a cikin huhun goro na tashi. Goro inuwa yake so da sanyi, a buɗe shi lokaci-lokaci a duba a mayar, kuma duk iya riƙonka yana da kwanakinsa." Ta juyo gare ni. "Kai kuma ka zo ka ce mini wuta take ci. Goro ka ba ni, ni kuwa na yi masa jego! Ɗaki da zafi, ga bargo, ga ɗura ba dare ba rana. Kunun kanwa kawai ya rage in dama mata."

Oga ya yi dariya har ya riƙe teburi. Baba ya so ya daure, bai iya ba. Mai abinci ta leƙo tana tambayar wa ya haihu.

"Shekara huɗu a jami'a," Umma ta ci gaba, tana nuna ni da haɓa, "da hula mai tunku da riga har ƙasa, amma ba ka san abin da kake ɗauke da shi a jaka ba."

"Hausa na karanta, Umma."

"To da Hausar ai sai ka tambaya."

Ni ma na shiga dariyar.

A hanyar komawa ta ce a sauke ta a ƙofar Mama Nas. Na ce mata babu bukata. Tunda yanzu ta san yadda ake yi, sai ta karɓi kwamfutar ta riƙe ta daidai, ba wanda zai san abin da ya faru.

"A kan me ta ce za ta ba ni? Ba a kan taka ba? In na karɓa a kan abin da ba haka yake ba, na fara cin amanar tun ban taɓa ta ba."

Na bi ta ciki. Mama Nas tana yanka alayyafo a ƙofar kicin, 'yarta tana wanke kayan da za ta tafi da su. Umma ta ƙi zama.

"Maman yara, na zo in gaya miki da bakina. Ajiyar Auta da kika yaba, a hannuna ta lalace. Batirin ya mutu, kuma riƙona ne ya kashe shi. In kina so ki nemi wani wuri, wallahi ba zan ji haushi ba."

Ta ba ta labarin duka, har da bokitin yashi, ba ta rage komai ba. Mama Nas ta ajiye wuƙa, ta goge hannu a zani.

"Hajiya, ni da nake aikin asibiti, wayata a ƙarƙashin filo take kwana a kan caji. In kai wa wa? Duk layin nan yanzu ke kaɗai kika san yadda ake yi, kuma Auta ne ya biya kuɗin makarantar." Ta juya ga 'yarta. "Ke, ranar Asabar ki kai wa Hajiya."

Ranar Asabar da hantsi yarinyar ta yi sallama, rungume da kwamfutar a cikin kwalinta. Umma ta riga ta share wuri a ɗakin Baba, wanda ke gabas kuma inuwar mangwaro ke rufe shi, ta sa wani ɗan benci a ƙasa nesa da taga. Baba ya yarda da sharaɗin cewa ba zai taɓa ta ba, ko ranar Juma'a.

"Buɗe in gani," in ji Umma. "Nawa ne a cikinta?"

"Ɗari, Mama. Tun jiya na cika miki ita, don kada ki sha wahala."

"Ba zan karɓa ba."

Yarinyar ta dube ni a firgice.

"Ƙoshi ya yi mata yawa. Zauna nan ki sa mana wani abu mu kalla har ta sauko rabi."

Haka aka shimfiɗa babbar tabarma a inuwa. Yarinyar ta sa wani fim na barkwanci, Mama Nas ta shigo da gyaɗa, wasu maƙwabta mata biyu da suka ji dariya suka leƙo suka zauna, Baba ya jawo kujerarsa yana cewa shi ba kallo yake yi ba. Sabon batir ne, ya ƙi sauka da wuri. Fim na farko ya ƙare aka sa na biyu, aka yi azahar aka dawo, aka zubo shinkafa da wake aka ci a wurin. Ana tsakiya da haka yaran layi suka yi ihun an kawo wuta, kowa ya zabura ya nufi soket da abin da ke hannunsa, yarinyar ma ta miƙa hannu ga cajarta.

"Ajiye," in ji Umma. "Nawa ya rage?"

"Hamsin da uku, Mama."

"A ci gaba."

Aka ci gaba. Umma ba ta san abin da ke faruwa a fim ɗin ba, idonta na kan ƙaramin hoton batirin da ke kusurwar allo. Ana daf da gano wanda ya saci akuyar mai gari, ta ɗaga hannu.

"Yanzu fa?"

"Hamsin cif."

"Kashe ta."

"Haba Hajiya, saura minti biyar a kama ɓarawon!" in ji Mama Nas.

"Ya jira ta dawo daga bautar ƙasa," in ji Umma, ta miƙa hannu biyu ta karɓa.